Shekarar da Na Cire Kulu Daga Aji

Akwai magana biyu da kuke maimaitawa a kaina idan kun haɗu, kuma duk biyun ba daidai ba ne. Ta farko, wai na ƙi karɓar ƙarin girma in koma Birnin Kebbi ne saboda na yi faɗa da wani babba a wurin aiki. Ta biyu, wai ni ne na gano dabarar da ta zaunar da autarku Kulu har ta yi karatu. Ban yi faɗa da kowa ba, kuma dabarar ba tawa ba ce. Na daɗe ina jin kuna faɗa ina yin shiru, domin ta farkon tana rufa mini asiri, ta biyun kuma tana yi mini daɗi. Yanzu da idona ya fara gajiya da takarda, gara in rubuta muku yadda abin ya faru tun hannuna yana iya riƙe biro.

A shekarar nan ni ne hedimastan firamaren garinmu, gaba da Bagudo kaɗan, kan hanyar da masu kabu-kabu ke bi da buhuna da jarkoki zuwa iyaka. Ku manyan kun san irin sunan da nake da shi a lokacin. Uwa idan ɗanta ya ƙi wanka, da sunana take tsorata shi. Ina shiga harabar makaranta surutu yake ɗaukewa aji bayan aji, kamar ana rufe tukwane. Na ɗauka wannan shi ne iya aiki, kuma babu wanda ya taɓa gaya mini akasin haka. Sai Allah ya ba ni Kulu a ƙarshen 'ya'yana. Innarku Hajo takan ce tun tana ciki ba ta bar ta ta yi barcin kirki ba. Yarinya ce mai ladabi, ba ta zagi, ba ta ɗaukar abin wani, in ka aike ta kafin ka juya ta dawo. Amma jikinta ba ya tsayawa wuri ɗaya. Idan an zaunar da ita, ƙafa tana kaɗawa, fensir yana bugun benci, haƙori yana tauna murfin biro, yatsu suna warware bakin hijabi zare-zare har ya koma kamar gemun masara. Shekararta takwas, tana aji uku, kuma har lokacin ba ta iya haɗa baƙi uku ta karanta kalma ba.

Malaminsu, wani saurayi mai sanyin hali da ake kira Malam Sani, ya yi ta jurewa saboda 'yar hedimasta ce. Ran nan tana cikin jijjiga benci da baya, bencin ya kife da yara huɗu, ya danne ƙafar wata yarinya 'yar masunta har farcen babban yatsanta ya fita. Kafin a tashi uban yarinyar ya iso daga bakin kogin Kwara, wandonsa a jiƙe har gwiwa. Bai ɗaga murya ba. A gaban malamaina ya tsaya ya ce:

"Malam, tambaya guda na zo yi. Da ɗiyata ce ta yi wa ɗiyarka wanga aiki, bulala nawa za ta sha?"

Na ba shi haƙuri, na kai yarinyar aka wanke mata ciwon, sannan na kama hannun Kulu muka fita yara suna leƙenmu ta tagogi. A hanya na gaya mata ba za ta sake taka ajin nan ba sai ranar da ta iya zama kamar mutane. A raina na ce don kare 'ya'yan jama'a na yi haka. Amma da kunya a ciki, kuma ita ta fi yawa. Na kasa jure a ce mutumin da ya ladabtar da yaran gari ya gagara ladabtar da tasa.

Na sa kafinta ya yi mata ɗan tebur da kujera. Na fasa tsohon batir na shafe wani falanki da baƙinsa ya zama allo, na rataye shi a rumfar tsakar gida. Kullum bayan la'asar muke zama, ni da ita da bulala a gefe. Watan farko ban san wanda ya fi shan wahala tsakaninmu ba. In na ce ta daina buga fensir, sai ƙafa ta karɓa. In na tsawata wa ƙafa, sai ta fara kankare fentin tebur da farce. Na doki bayan hannuwan nan har sau nawa ban sani ba. Tana kuka ta ce ta daina, kuma na yarda har zuciyarta take faɗa, amma kafin hawayen ya bushe yatsun sun koma aikinsu ba da saninta ba.

Abin da zan rubuta yanzu Kulu ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ni ma haka. Wata Laraba da farkon damina na dawo daga makaranta raina a ɓace, na tarar ta tsinke igiyar da allon ke rataye da ita garin wasa. Na je turke na kwance igiyar akuya, na ɗaure ƙafafunta biyu a jikin ƙafafun kujerar, na ce ta zauna a kan tafin hannuwanta. Ta zauna. Ko motsi ba ta yi ba. Na yi ta koyarwa wajen rabin awa, ina jin daɗi a raina cewa yau na samo maganin abin. Idonta yana kan allo, gumi yana bin goshinta. Da na gama na ce:

"To, mi na ce yanzu?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ba ki ji ni ba ne?"

"Ina ta tsaron jikina kar ya motsa. Ban iya yin biyu."

Ina tsaye da alli a hannu sai ga Hajo ta fito daga madafa da wuƙar da take yanka kuɓewa. Ba ta dube ni ba. Ta durƙusa ta yanke igiyar, ta murza wa yarinyar idon sawu, ta ɗauki guntayen ta jefa a murhu. Sai da ta kai ƙofar madafa sannan ta ce, a hankali yadda ku yara ba za ku ji ba:

"Malam, wagga da ka ɗaure, ni na haife ta."

A daminar nan kakarku Iya Hamsa, mahaifiyar Hajo, tana gidanmu. Mutuniyar tsallake ce, wani ƙauye a ɓangaren Benin wanda ita har ta rasu Dahomi take ce masa. Hausarta a gauraye take da Dandanci, yaren mutanen can. Ciwon yana ne ya rufe mata ido biyu, aka kawo ta a duba ta, likita ya ce abin ya yi nisa, kafin a mayar da ita kuma ruwa ya cika hanya, sai ta zauna. Wuni take a bakin ƙofar ɗakinta tana tsaga kaba tana saƙa faifai da lalube. Tsakanina da ita surukuta ce irin ta da. Shekara ashirin ban taɓa zama tabarma ɗaya da ita ba. Daga nesa nake cire takalmi in durƙusa in gaishe ta, ta amsa fuskarta a gefe. Ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma in tana da magana da ni, 'yarta take gaya wa da ƙarfi yadda zan ji. Washegarin ranar igiya ina alwala a bayan zana na ji ta ɗaga murya.

"Hajo, ina son ki tambayar mani mai gidanga. Shi in shina sauraren rediyo, mi hannunshi ke yi?"

Hajo ta ce, "Carbi yake ja, Iya."

"Tasbihi yake yi?"

"A'a. Ja dai yake yi. In ba carbi kusa, biro yake ƙyasawa, ko ya karya tsinken tsintsiya gutsi-gutsi."

"To wa ya taɓa ɗaure shi?"

Na tsaya da buta a hannu, ruwa yana zuba a ƙasa. Ta ci gaba, kamar da bango take magana:

"Ni ban gani, amma kunnena lahiya lau. Wagga ɗiya in ta zo taya ni tsagar kaba, abin da anka karanta mata jiya duk sai ta zuba mani shi, tun daga farko har ƙarshe, har da tarin da anka yi a tsakiya. Hannu na aiki, kai na buɗe. A ba hannun abinci, a ga in kai bai ci nashi ba."

Kada ku zaci na karɓi maganar da murna. Haushi na ji. Ni da na yi kwalejin horon malamai, tsohuwar da ba ta taɓa riƙe littafi ba za ta koya mini koyarwa? Kwana uku ban buɗe darasi ba. A rana ta huɗu, don in nuna wa kaina maganar banza ce, na ce wa Kulu ta ɗebo kaba ta zauna tana tsagawa, na karanta mata wani ɗan labari daga littafin aji uku, sannan na yi mata tambaya shida. Ta amsa biyar. Ta shidan ma ni na yi tambayar a karkace. Na rubuta kalma a allo, ta ɗago ido yatsunta suna ta aikinsu, ta haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Ra-ƙu-mi." Na juya baya na yi kamar ina goge allo, domin ban so ta ga fuskata ba. Daga bakin ƙofarta Iya Hamsa ta yi gyaran murya sau ɗaya.

Sai dai kaba ba ta raba mu da matsala ba. Hannu biyu take ci, ba a rubutu da ita, kuma tana ƙara. Ni kuwa burina yarinyar ta koma aji, inda yara suke cunkushe, kuma duk abin da ya yi ƙara zai ɗauke hankalin na kusa da ita. Ana bukatar abin da zai shiga hannun hagu shi kaɗai, ya ba yatsu aiki, kada ya ja ido, kada kowa ya ji shi. Neman wannan abu shi ya cinye mana daminar, kuma ban taɓa ganin gidanmu ya haɗu a kan abu ɗaya kamar lokacin ba. Iya Hamsa ce alƙali. Duk abin da aka kawo, Kulu za ta zauna da shi a rumfa, tsohuwar tana bakin ƙofarta ta karkata kai. In ta ce, "Na ji shi," an jefar ke nan.

Nawa ne ya fara faɗuwa. Na zuba tsakuwa a gwangwanin madara na toshe bakin, Iya ta ce ko mutanen kasuwar Dole Kaina sun ji wannan. Na kawo ƙwallon goruba, ya yi ta suɓucewa yana gangarawa ƙarƙashin rumbu, Kulu ta bi shi da gudu, karatu ya tashi. Wata Bafulatana mai kawo mana nono ta ba da kakin zuma. Wannan ya yi kwana biyu yana aiki da kyau, shiru kuma yana murzuwa, sai rana ta buɗe ya narke ya manne shafi huɗu na littafin lissafi. Hajo ta ɗinka 'yar jaka da ƙyallen tsohon zane ta cika ta da gero. Muka yi murna har kwana uku, sannan muka ga jakar tana ramewa. Ashe ta huda gefe tana tsintar geron tana ci. Ranar ce na fara yin dariya a wurin darasin nan, Kulu ta dube ni a tsorace don ba ta san ko dariyar alheri ba ce.

Aka sauya gero da 'ya'yan tsamiya, masu santsi kuma ba sa tauno. Iya ta saurara ta ce tana jin suna haɗuwa da juna. Ita ce ta ce a cusa auduga a tsakaninsu. Hajo ta yi haka, ta ninka ƙyallen biyu, ta bi bakin da ɗinki sau uku. Jakar ba ta fi tafin hannun yarinyar ba. Kulu ta zauna tana tura 'ya'yan tsamiyar daga wannan kusurwa zuwa waccan da babban yatsa, muka yi tsit muna jiran hukunci. Can Iya ta ce:

"To ku ba ta mana, mi kuke jira?"

Hajo ta ce, "Ai tun ɗazu tana hannunta, Iya."

Saura ƙafa. Wata rana na je Bagudo, ina jiran a yi wa babur ɗina faci a tasha, na ga mai facin ya taka wani tsohon tub na cikin taya yana ja da hannu yana saki. Na roƙe shi guntu. Ya tambaye ni ko danƙon harbi zan yi wa yara, na ce na karatu ne, ya yi dariya ya yanko mini. Na ɗaura robar tsakanin ƙafafun kujerar na gaba, yadda Kulu za ta riƙa tura ta da dunduniya. Iya ta ce tana jin ta kamar gurmi in an sake ta. Hajo ta naɗe ta da tsumma, ƙarar ta mutu. Daga baya Iya da kanta ta tufka wata 'yar igiyar rama mai ƙulli bakwai, manya da ƙanana, aka ɗinke ta a cikin hijabi ta yadda hannu zai same ta ba tare da an gani ba, don ranar da aka manta jaka.

Doka ɗaya na kafa, kuma ita kaɗai ce gudummawata ta gaskiya: abin na hannu ne, ba na ido ba. In na ga idonta ya sauka a kansa, ya zama abin wasa, sai in karɓa in ajiye har a gama shafi. Kuma kada ku ɗauka kullum abin yana ci. Akwai ranakun da ko jaka ko roba ba sa riƙe ta. A irin ranakun na koyi rufe littafi in ce ta zagaya rumbu sau biyar da gudu, ko ta je ta karɓi taɓarya a hannun yayyenta ta yi daka kaɗan ta dawo. Darasin da nake ja na awa guda na yanyanka shi gajere-gajere. Kafin gero ya fitar da kai tana karanta shafi ɗaya ba tsayawa, tana rubuta sunan kowa a gidan a jikin bango da gawayi, har da na akuya.

A daidai wannan lokaci takardar ta zo. An ɗaga ni zuwa aikin duba makarantu, zama a Birnin Kebbi. Abin da na yi shekaru ina jira ke nan. Amma na san aikin: Litinin ka fita ƙauyuka, sai Juma'a ka ga gida. Kulu za ta faɗa wani aji na baƙi, gaban malamin da bai san ta ba, da jakar tsamiya a hannu wadda zai ƙwace a ranar farko, kamar yadda ni ma da zan ƙwace a hannun ɗan wani. Hajo ba ta yi boko ba, ba za ta iya riƙe darasin ba. Na yi mako guda takardar tana aljihuna kafin na gaya mata abin da na yanke. Tana tankaɗe ta ajiye rariya.

"Malam, ɗiya guda za ka duba ka bar huɗu?"

"Huɗun sun iya zama a aji, Hajo."

"Nasiru hwa? Ka san abin da ya ɗora rai a kai."

Na sani. Nasiru, kai ne babba, lokacin ka gama ƙaramar sakandare, kuma kai kaɗai ne a gidan ka riga ka haɗa kayanka a akwati. Kana son makarantar da ke da ɗakin gwaje-gwaje, kana son likitanci, kuma kana da kan yin sa. Ba ni da wanda zan ajiye ka a wurinsa a birni, ba ni kuma da ƙarfin raba gida biyu. Na rubuta cewa ina neman a bar ni inda nake saboda uzurin iyali. Aka bar ni, kuma ba a sake kirana ba har na yi ritaya a kujerar da nake. Wannan bai dame ni sosai ba. Abin da ya dame ni shi ne ganin ka kwance akwatin nan kana mayar da kaya cikin kwando, da watannin da ka yi gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Na bar ku kuna cewa faɗa na yi a ofis domin kada wani a cikinku ya dubi Kulu ya ce ita ta tare masa hanya. Ba ita ta zaɓa ba. Ni na zaɓa.

Shekaru uku da suka wuce, muna tsaye a gonar albasarka a bakin fadama, na buɗe baki zan ba ka haƙuri, ka riga ni. Na rubuta abin da ka ce don 'yan'uwanka su san irin yayan da suke da shi:

"Baba, na yi fushi, ba zan ɓoye maka ba. Har gobe in na shiga asibiti na ga mai farar riga, abin yakan ɗan taɓa ni. Amma da ka bar Kulu a lokacin, da wannan ne ba zan iya yafe maka ba."

Allah ya yi maka albarka, ya ba ka 'ya'yan da za su yi maka fiye da haka.

Bayan kaka, da aka koma sabon zango, na yanke Kulu za ta koma aji. Kafin nan na je gidan masuncin nan na same shi yana gyaran komarsa ta kamun kifi. Na gaya masa zan mayar da ita, kuma in bai yarda ba zan ƙara jira. Ya ce farcen ya tsiro tuni, yara ma tare suke wasa a bakin ruwa, mu manya ne muka riƙe abin. Na kai kujerarta mai roba na ajiye a ƙarshen layi ta baya, na yi wa Malam Sani bayanin jaka da igiya. Mako bai cika ba magana ta zaga gari cewa hedimasta ya je tsallake ya karɓo wa 'yarsa laya. Har limaminmu ya tare ni bayan sallar azahar, cikin ladabi, ya ce yana son ya ji daga bakina. Na aika aka kawo jakar, na farke ta da reza a gaban mutanen da ke ƙofar masallaci. 'Ya'yan tsamiya suka zube a tabarma da guntun auduga. Liman ya ɗauki ɗaya ya jujjuya, sannan ya ce yana da wani jika da ya hana makarantar allonsa sakat, ko Hajo za ta ɗinka masa irinta.

Hajo ta ɗinka da yawa a shekarun da suka biyo baya. Wasu yaran ta yi musu amfani, wasu wasa kawai suka mayar da ita aka karɓe. Ba zan ce muku na jefar da bulala a shekarar ba, ƙarya ne. Amma daga lokacin, in na ga yaro yana mutsu-mutsu, nakan fara tambayarsa abin da aka ce kafin in ɗaga hannu, kuma sau da yawa sai ya faɗa mini daidai. Idan na tuna waɗanda suka wuce ta hannuna kafin Kulu, waɗanda na doka har suka bar makaranta suka koma kiwo ko bakin ruwa, sai in nemi gafarar Allah. Kulu kuwa kun ga inda ta kai. Ta gama makarantar ungozoma, tana aikinta, kuma har yau in kuna hira da ita ku dubi hannunta na hagu, za ku ga yana murza bakin mayafi.

A shekarar nan dai, da ruwa ya janye hanya ta buɗe, Iya Hamsa ta ce gida take so. A al'ada ƙanen Hajo ne zai zo ya tafi da ita. Na ce ni zan kai ta. Hajo ta dube ni kamar na yi saɓo, amma ba ta hana ba. Muka ɗauki shatar mota har inda mota ke tsayawa, daga nan kabu-kabu, Kulu tana riƙe da sandar kakarta. Mun isa ƙauyen da hantsi. Aka shimfiɗa mata tabarma a gindin mangwaron ƙofar gida, mata suka taru ana yi mata barka da zuwa da yarensu. Kulu ta fito da littafinta ta karanta musu shafi biyu da Hausa. Rabinsu ba su gane ba, amma suka yi ta tafa hannu suna taɓa kanta.

Da lokacin komawa ya yi, na cire takalmi na matso kusa fiye da yadda na taɓa matsowa, na durƙusa a ƙasa a gabanta. Na ce:

"Iya, na zo in yi godiya da bakina. Na yi shekara ashirin da wani abu ina koyarwa, ban san abin da kika sani ba. Kin cece ni daga cutar da ɗiyata. Allah ya saka miki da Aljanna."

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Ta lalubo hannun Kulu ta riƙe, sannan ta ce:

"Kulu, gaya wa babanki na ji, na kuma gode. Ki ce mishi ya tashi hakanan, wurin nan akwai cinnaka."

Matan suka fashe da dariya, ni ma na yi, kuma da gaske akwai cinnakan, don sai da na kai bakin hanya ina kakkaɓe wando. Wannan ne ganina da ita na ƙarshe. Ta rasu kafin wata daminar ta kama, aka aiko mana bayan an riga an rufe ta. Kabarinta yana gabas da ƙauyen, kusa da wata tsohuwar rijiya da aka daina ɗiba. Nasiru ya san wurin. Duk wanda hanya ta kai shi tsallake a cikinku, ko kasuwa ya je, ya ratse ya tsaya ya yi mata addu'a, ya kuma faɗa wa 'ya'yansa sunanta: Hamsatu.